Jan Ruwan Tahidu

"To, likita za ka zama ko lauya?" Baba Gariba, mai fataucin goro a unguwar Moshi Zongo, ya tambayi Tahidu, wanda ke neman auren 'yarsa Barikisu.

"Ko ɗaya, Baba. Ilimin haɗa sinadarai nake karantawa a jami'ar Legon. Yanzu da Turawa suka tafi, mu za mu riƙe ma'aikatar ruwan famfo da wuraren haƙar zinariya."

Tsohon ya yi hamma. "Wato dai ba ka da sana'a."

Tahidu ya roƙi a ɗebo masa ruwa daga randa, ya ciro wasu 'yan kwalabe biyu da ya taho da su don burge Barikisu. Ya ɗiga ta farko, ruwan bai canza ba. Da ya ɗiga ta biyu, sai ruwan ya koma ja wur.

Baba Gariba ya janye ƙafafunsa a hankali. "Na ba ka ita," in ji shi. "Ka gaida mutanen gida."

Da yamma Tahidu ya dawo ƙofar gidan yana hura hanci. "Kin gani, Barikisu? Baba ya san darajar ilimi."

"Ƙwarai kuwa," ta ce tana danne dariya. "Kana fita ya sa aka fasa randar, ya aika a kira liman. Ya ce mutumin da ke mayar da ruwa jini, gara ya zama surukinsa da ya zama abokin gabarsa."