Teburin Alhaji Tanimu

Na rantse ko na dafa maka littafi ba za ka yarda ba, amma zauna ka ji. Ni boko a hanya muka rabu da shi, sai dai karatun duniya babu wanda zai ja mini baƙi. Wani tela aka yi, ɗan ƙwalisa, mai bakin da zai sayar wa makaho madubi. Yana neman 'yar wani attajirin fata, Alhaji Tanimu. An kai gaisuwa, sa rana kawai ake jira, Alhaji kuma bai gama bincike ba. To a birnin akwai wani sabon gidan abinci da ake yayi, mai bangon gilashi da sanyin na'ura, inda mutane kan yi layi har bakin titi kafin su sami kujera. Tela ya gano dabara. Sai ya sha guga, ya feshe jiki da turare, ya ratsa layi ya raɗa wa yaran ƙofa cewa surukinsa Alhaji Tanimu yana tafe, a ba shi wuri. Nan take a kai shi teburin manya, ya ci ya yi nak, ya duba waya, ya ce kash, uzuri ya tsare Alhaji. Haka ya yi ta yi, har yana ba abokai labari a shago ana tafa masa.

Wata Juma'a da yamma ya zo, wuri ya cika maƙil, ya sake sakin sunan. Bai san mai gidan abincin ne da kansa a ƙofa ba, shi kuwa a rumfar Alhaji ya tashi yana jiƙa fata. Murna ta kama mutumin. Ya zaunar da tela, ya sa aka kawo gasasshen kifi da soyayyar shinkafa da farfesun kan rago, ya koma gefe ya kira tsohon maigidansa a waya ya ce, ranka ya daɗe, ga tebur an shirya, surukinka ma ya iso. Ya dawo da fara'a ya shaida wa tela cewa Alhaji ya ce ga shi nan. Tela ya fara neman hanyar fita. Ya dubi ƙofa, mai gida na tsaye yana leƙen hanya. Ya dubi bayan gida, babu taga. Sanyi na busawa, gumi na bin bayansa har ya jiƙa aikin wuyan rigar da ya ɗinka da hannunsa. Duk motar da ta tsaya sai ya ɗaga kai ya leƙa. Ya ɗauki cokali ya ajiye, ya ɗauka ya ajiye, kifi na kallonsa da ido ɗaya.

Sai ga Alhaji da aminansa biyu, su ne kuwa dattawan da aka ɗora wa binciken. Ka san dai ba a zama kujera ɗaya da suruki, balle a ci abinci a gabansa. Tela ya zame ya tsugunna a kan tayil, a tsakiyar 'yan gayu, masu rabon abinci na tsallake shi da faranti, 'yan mata na ɗaga waya suna ƙunshe dariya. Alhaji ya ce masa bismillah, tela ya ce alhamdu lillahi, cikinsa na kuka kamar tsohon keken ɗinki. Dattawa suka ci a natse, suka tsotse ƙashi, suka nemi ƙari, shi kuwa ƙafafu sun mutu yana ta addu'ar kada wanda ya buɗe baki. Har Alhaji ya wanke hannu, tela ya fara jin ya sha, sai wani mai rabon abinci ya rusuna ya ce yau Allah ya yi, duk makon duniya ana ajiye wa Alhaji wannan tebur, uzuri na hana shi.

Alhaji ya goge baki, ya dubi aminansa. "Ashe na daɗe ina ci a nan, shi ya sa ban rame ba." Sannan ya sunkuyo kan tela. "Tashi ka sallame su, yaro. Ka kuma gaya wa magabatanka kada su wahalar da kansu zuwa sa rana. Sunana kawai ka riƙe ka yi haka da shi, ina ga na ba ka 'yata?"

Tela ya yunƙura zai miƙe, ƙafa ta ƙi, ga mai rabon abinci tsaye a kansa da takardar kuɗin abin da aka ci. Shi ya sa Hausawa suka ce, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.