Irin Wannan Rigar Nake So

Zuwaira na kan keken ɗinki tana haɗa kayan jarirai a shagonta na Ƙofar Marusa, sai wata matashiya mai tsohon ciki ta yi sallama. Bayan sun gaisa ta ce sunanta Safiya, ta miƙo wata 'yar riga da ta koɗe don tsufa.

"Inna, irin wannan nake so ki ɗinka wa abin da zan haifa."

Zuwaira ta karɓa. Ɗinkin hannu ne, an yi wa wuyan ado da jan zare. Kukan jaririyar nan da ta yi shekaru tana ji duk sanda keke ya tsaya ya dawo mata a kunne.

"Tsohon yayi ne, 'yar nan. Ina kika samo ta?"

"A cikinta aka tsince ni, a ƙofar wani gida a Ƙofar Durbi. Shekara ashirin da uku ke nan."

Zuwaira ta sunkuyar da kai, tana neman tef ɗin awo alhali yana rataye a wuyanta.

"Zan ɗinka. Har da hular za a yi?"

Safiya ta daɗe tana kallonta. Sannan ta sa hannu a jaka, ta ciro 'yar hula, ta ajiye a kan keken.

"Teloli goma sha ɗaya na kai wa rigar nan, Inna. Ke kaɗai kika san tana da hula."