Inda Baba Bai Yanke Ba

Ina 'yar shekara tara Baba ya kawo Birnin Kudu wata na'urar juye kaset ɗin bidiyo cikin kwamfuta. Biyu aka nuna masa a Kano, ya bar mai kyan hoto ya ɗauki mai fitar da murya raɗau.

Bayan la'asar muka juye kaset ɗin sunana. Akwai inda aka manta kyamara a kunne, tabarma kaɗai ake gani.

Na ce, "Baba, yanke nan."

Sai ga muryar marigayiya Inna, mahaifiyarsa: "Allah ya raya wa Auwalu 'yarsa."

Shi ne ɗanta na fari, kunya ba ta taɓa barinta ta kira sunansa a gabansa ba. Sau uku Baba ya mayar baya.

Har yau nakan kunna tabarmar nan.