Hoton Gita a Kan Goɗiya

"Ɗauki dawaki, ɗauki teku. Ban da 'yata Gita," in ji Lalla Zuhur, ta tare bakin kyamarar da tafin hannu.

Marwan, matashin da ta ɗauka ya buɗe wa makarantarta ta koyon hawan doki shafin intanet, ya yi dariya. "Haba Lalla, wa zai kawo ɗansa wurin da bai ga yaro a kan sirdi ba?"

Ba da son ranta ta kira shi ba. Duk makarantun da ke bakin tekun Sawira sun shiga waya, baƙi kuma wanda suka fara gani shi suke bi. Tata bargar ta yi tsit, haƙarƙarin dawaki ya fara bayyana. Ga shi ta gaji da ƙaura daga gari zuwa gari.

Marwan ya san aikinsa. Kafin wata ya mutu, duk wanda ya nemi hawan doki a yankin, sunanta ne a sama. Waya ta dinga ƙara.

Sai dai tambayoyinsa sun hana ta sukuni. Me ya sa Gita ba ta zuwa makaranta? Ina babanta? Ran nan ta tarar da shi ya ƙura wa tawadar Allah da ke wuyan yarinyar ido. Ta ja wa Gita mayafi, ta sallame shi ko shayi bai sha ba.

Wata safiya ta buɗe shafin. Ga Gita a kan farar goɗiya tana dariya, iska ta yaye mayafin.

"Cire shi yanzu!" ta daka masa tsawa ta waya.

"Lalla, ai hoton ya riga ya zaga ƙasa. Dubban mutane sun gani."

Daga ranar aka fara kira ana yin shiru, sai numfashi. Zuhur ta ƙulle kaya, ta ce wa Gita gobe za su tafi.

"Kuma dai, Mama?"

Ba su kai goben ba. Da la'asar motoci biyu suka tsaya a ƙofar barga, ɗaya ta jandarmomi. Zuhur ta rungume yarinyar, ta ja da baya har ta jingina da bango.

Wata mata ta fito daga motar baya, furfura ta cinye mata kai tun ba ta tsufa ba. Ta tako, ta durƙusa a kan yashi.

"Kausar," ta ce, tana kallon yarinyar.

Rabon Zuhur da jin wannan suna tun ranar da wannan muryar ke ƙwala shi a kasuwar birnin Fas, ita kuwa tana sauri cikin cunkoso da jaririyar a ƙarƙashin mayafinta.