Ƙuri'un da Sallau Ya Goge da Hannunsa

Kai da kake ta huci wai an bar ka a layi, zauna ka ji misalin Sallau, mutumin da har yau in na tuna shi sai raina ya ɓaci.

Akwai wani rumbu a intanet da jama'a suka gina da kansu. Duk wanda ya haɗa manhaja mai amfani sai ya ajiye a can, kowa ya ɗauka kyauta, wanda ya ji daɗinta ya jefa mata ƙuri'a. Wadda ƙuri'unta suka taru, manyan wurin sukan ɗauke ta su kai babban rumbu, inda hannu da yawa ke kula da ita, mai ita ya huta. Sallau mai gyaran kwamfuta ne a Samaru, kuma ya ajiye wata 'yar manhaja da ke sa tsofaffin firintoci su yi aiki da sababbin kwamfutoci. Masu shagunan buga takardu suka yi caa a kanta. Shekara da shekaru shi kaɗai ke ɗauke da ita: ta ƙi tashi a Gusau a kira shi, ta rikice a Funtuwa a kira shi, yana tsakiyar cin tuwo ma ba a ƙyale shi ba. Ya gaji tilis. Ba abin da yake fata kamar ranar da za a sauke masa wannan kaya, ga shi kuwa ƙuri'u sun taru har ana cewa zaman manya mai zuwa nasa ne.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, wai sunan. Ranar da ya fara ajiye ta, cikin sauri ya laƙa mata wani dogon suna mai kama da lambar mota, yanzu kuma kunya yake ji a kai ta gaban manya da shi. Sai ya sake shirya ta tsaf, ya ajiye da sabon suna gajere mai daɗin faɗi. Rumbu ya wayi gari da manhaja biyu, aikinsu ɗaya. Ya tambayi Malama Ladidi, ɗaya daga cikin masu kula da rumbun, yadda zai yi. Ta ce masa, "Ƙanena, roƙon haɗewa za ka shigar, a zuba tsohuwar cikin sabuwar, ƙuri'unka duk su bi ta. Sai dai ka yi haƙuri, sai mun duba su duka biyun, mu ma don Allah muke yi bayan mun tashi daga namu aikin. Kome za ka yi, kada ka nemi gogewa."

Ya shigar, ya zauna jira, in dai wannan za a kira jira. Ya leƙa da safe, ya leƙa da azahar, tsohon sunan na nan daram kusa da sabo, abin na yi masa ciwo. Ya fara gunaguni wai masu kula da rumbu barci suke yi. Can sai ya lura layin gogewa ba ya tsayawa, domin in mai kaya da kansa ya ce a zubar, ba wanda zai tsaya dogon nazari. Nan wayon banza ya zo masa: bari ya share tsohuwar kawai, ai kowa ya san Sallau, duk inda ya koma ƙuri'a za ta biyo shi. Haba, mutum da hankalinsa! Ya janye roƙon haɗewa, ya shigar da na gogewa. Wani mai kula da rumbun wanda bai san zancen ba ya ga mai ita ne ya nema, ya danna. Sallau ya yi murmushi, aiki ya yi sauri. Da ya buɗe sabuwar ya duba wurin ƙuri'a, sai ya ga wayam.

Nan take ya ɗauki waya. Ya kira Malama Ladidi yana magiya, a taimaka a haɗa masa yanzu. Ta ce, "A haɗa me da me, Sallau? Ka fasa tulu, sannan ka ce a juye ruwansa a randa?"

Bai daddara ba, ya hau babur ya shiga bin shaguna yana roƙon a sake jefawa. Malam Ado mai shago a bakin kasuwa ya dube shi ya ce, "Malam Sallau, ni fa na jefa tun tuni. Sau nawa ake jefawa, ko soke zaɓen aka yi?" Wani ya manta kalmar sirrinsa, wani ya sayar da shago ya koma noma, mafi yawansu kuwa suka ce firinta dai tana aiki, in sun samu sarari za su duba. Abin da Sallau bai gane ba shi ne, kowace ƙuri'a a cikin waɗancan, mutum ya jefa ta ne a ranar da ya fita daga wahala, takardun mutane sun taru, injin ya ƙi, sai ga shi ya tashi. Wannan farin ciki ba ya dawowa don an zo roƙo.

Ranar da manya suka zauna, daga sama suka fara dubawa kamar yadda suka saba. Sabon sunan Sallau, mai kyau, mai daɗin faɗi, yana can ƙasa da 'yan ƙuri'un tausayi, ko idonsu bai kai wurin ba. Suka ɗauki ta wani, kayan Sallau ya zauna a kansa. Gaskiyar Hausawa da suka ce, garin neman gira an rasa ido.