Man Aduwar Kaka

Ranar da Gwaggo Falmata ta iso gidanmu a Bolori, bayan ta gudo daga ƙauye a ƙafa, gashinta ya dunƙule da ƙasa da ƙaya. Mamata ta duba, ta ce, "Wannan sai almakashi."

Kaka kuwa ni ta aika in ɗauko kwalbar man aduwarta, ɗan ragowar da take tattali tunda hanyar ƙauye ta rufe. Ta zaunar da Gwaggo a gindin darbejiya, ta murza man a tafinta har ya yi ɗumi, ta fara warware gashin daga baki, sili-sili, da yatsu kawai.

Na ce, "Kaka, man zai ƙare fa."

Ta ce, "Ya ƙare mana. An raba ta da gidanta, ba za a raba ta da gashinta a gidana ba."

Kafin la'asar kwalba ta zama fanko, Gwaggo kuma ta yi barci a cinyarta.

Har yau, in gashin 'yata ya cukurkuɗe haƙurina ya kusa ƙarewa, sai in ajiye mataji, in ɗumama mai a tafina.