Wanda Ya Kai Motarsa Jin Tayi

Ka ce za ka yi barazanar ajiye aiki don ka ga ko za a roƙe ka? To, zauna ka ji misalin wani mutum.

Tsohuwar mota ya saya ƙirar Japan, 'yar Kwatano, irin mai dogon bayan nan, amma mai injin gudu. Shekara da shekaru yana yi mata hidima. Ya sauke ta ƙasa har cikinta na neman shafar kwalta, ya sa mata tayoyi masu faɗi, ya ƙara wa injin ƙarfi, ya ɗaura mata salansar da in ta yi gurnani sai kajin unguwa su watse. Ko ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya bai taɓa ba aronta ba. Abu ɗaya ke ci masa tuwo a ƙwarya, abokan hirarsa. Kullum sai sun ce ya lalata mota, ko kyauta ya bayar ba mai karɓa. Shi kuwa bawan Allah bai iya haɗiye magana ba.

Ran nan ya wanke ta fes, ya ɗauki biyu daga cikinsu, ya nufi kasuwar 'yan mota. Ba sayarwa ya je yi ba, Allah ya sani. So yake a taya a gabansu, ya ce albarka, ya dawo gida da abarsa. Aka kuwa yanyame ta, ana leƙa inji ana jinjina kai. Wannan ya taya, ya ce albarka. Wancan ya ƙara, ya ce albarka, yana satar kallon abokansa, kansa na ƙara kumbura. Da nan ya tsaya, da ya ci riba. Sai dillali ya ce, "To Alhaji, faɗi naka mana, nawa za ka sallama?" Daɗin yabo ya kwashe shi, ya yanka kuɗin da a ganinsa ba mahaukacin da zai biya, har da ƙarin cewa duk wanda ya ajiye su yanzu ya ɗauki makulli. Wani mutum mai koɗaɗɗiyar shadda, wanda tun ɗazu yake tsugune yana duban ƙarƙashinta, ya miƙe ya karkaɗe gwiwa ya ce, "Na saya." Dillali ya haɗa hannuwansu, jama'a suka shaida.

Mai motar ya ja mutumin gefe ya roƙe shi ya fasa. Mutumin ya ce ya daɗe yana neman irinta, kuma ba shi ya yanka farashi ba. Tashin ciniki a gaban shaidu kuwa aikin ƙaramin mutum ne, ga waɗanda ya kawo su ga girmansa tsaye suna kallo. Haka ya zare makullin daga cikin na gidansa, ya miƙa masa. A adaidaita sahu suka koma, su uku a matse. Abokan suna ta rantsuwa sun yarda, mota ce ta gaske, ba su taɓa ganin irinta ba. Yabon da ya daɗe yana nema ke nan, ga shi ya samu. Ya kau da kai yana kallon titi, don kada su ga ƙwallar da ta cika masa ido.

Shi ya sa Hausawa suka ce, magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.